Kifin Tafkin Chadi: Labarin da Muka Bari a Ruwa



Dukkanmu mun sha miyar banda, amma mu nawa muka taɓa tambayar wane kifi ne a tukunyar?

A shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan, wurare da dama suka koma fadama. Kifaye masu son sararin ruwa, irin su giwan ruwa, suka yi ƙaranci. Tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure ruwan ciyayi, suka mamaye kasuwar Baga.

A ganinmu, ba fari kaɗai ke da laifi ba. Don a cika motocin Anacha da Legas, an koma raga mai ƙananan idanu da dumba, har 'ya'yan kifi ba su tsira ba. Wanda ya cinye iri, me zai shuka baɗi?

Dattawan masuntan da suka ga wancan ruwan suna ƙarewa, mu kuma alƙalumanmu sun maƙale a soyayyar birni. Mu je mu zauna da su tun suna raye.