Kafin Ka Aiko Da Injin Ladipo Zuwa Bulumkutu

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

Jama'a, wata al'ada ta shigo tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa a Agege ko Sabo, sai ya nufi kasuwar Ladipo da ke Mushin, ya sayi injin Toyota ko Nissan na tokumbo, ya ɗoro a tirela zuwa Maiduguri, wai a sa wa tsohuwar Peugeot 504 da mahaifinsa ya bari don ta ƙara ƙarfi. Ni dai a ganina ɓarnar kuɗi ce.

Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, Fijo 504 kuwa ta daɗe tana fitowa daga can kafin a daina yin ta. Injinanta na fetur da aka fi sani biyu ne, mai cc 1796 da mai cc 1971, ba kuwa rago a cikinsu. Ƙarfin da ake kuka ya tafi, tsufa ne ya cinye shi: ringin fistin ya sake, bawul ba ya rufewa sosai, ƙurar hunturu ta toshe kafireta, fulogi kuwa tun na zamanin marigayi. Kanikawan Bulumkutu sun san wannan inji ciki da bai. A kwance shi, a sa sabon ringi da gaskit, a gyara zaman bawul, a wanke kafireta, a saita wuta, za ka ji motar ta farfaɗo.

Baƙon inji fa? Sai an yanka, an yi walda, an ƙera masa mahaɗi da giya. Ranar da motar ta mutu a Benisheikh, kan hanyar Damaturu, duk bakaniken da ya buɗe bonet sai ya tsaya yana kallo. In lalle sai an canza, to a nemi mai cc 1971 na 504 ko 505, tunda gidansu ɗaya.

Wasu kuma sukan ce a kankare kan silinda don matsi ya ƙaru. Kaɗan ba laifi. Amma in aka zarce, ga kuma man 'yan bumburutu, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya ƙone.

Babban abin da mutumin Ikko yake mantawa shi ne zafin Borno. A watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ƙarin ƙarfi kuwa ƙarin zafi ne, ga tsohon lagireto da tsatsa ta cika. Haka birki: motar da ta ƙara gudu da tsohon birki, iyalinka za ta ɗauka. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma, kowace lita sai an lissafa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka shiga Ladipo, sayo lagireto mai kyau, da famfon ruwa, da kayan birki, da ringi. Duka za su shiga kwali guda, kuɗin motarsu ma bai kai na inji ba.