Kwal Ya Ƙare, Gona Tana Nan

'Yan'uwa manoma, samarinmu na Batsari da Safana suna ta barin gona, suna tafiya haƙar zinariya. Waɗansu har gonar gado suke sayarwa don kuɗin mota. Kafin mu sa musu hannu, mu dubi abin da ya sami Iva Valley, unguwar masu haƙar kwal a Inugu.

A 1909 Turawa suka gano kwal a wajen Udi. A 1916 jirgin ƙasa ya fara kwasarsa zuwa Fatakwal. Aka gina wa lebura bariki, dubban mutane suka ajiye fartanya. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe lebura 21 a Iva Valley, don sun nemi hakkinsu. Daga baya reluwe ta koma man dizal, kasuwar kwal ta faɗi. A yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ruwa ya cika ramukan. Farkon shekarun 2000 aiki ya tsaya cik. Inugu ta rayu don hedkwatar gwamnati ce, amma barikin lebura sai tsofaffin gidaje.

Rami yana ƙarewa, gona kuwa in an ba ta taki, jika ma zai ci.

Gaskiya ne rashin tsaro ya hana da yawa noma gonakin nesa. Saboda haka kowace ƙungiya ta ware wa samari fili kusa da gari, ta ranta musu iri da taki. Wanda ya matsu ya ba ƙungiya jinginar gonarsa, kada ya sayar. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.