In An Sallama, Ba Sauran Ƙari

Malamai da attajiran Babura da kewayenta, muna jawo hankalinku ga wata al'ada da ta shigo kasuwa. Mutum ya taya buhun gero ko turmin atamfa, a sallama masa, ya miƙa katin banki a sa a na'urar POS, sai mai kaya ya ce a ƙara masa naira 100 ko 200. Wani ma cewa yake yi ba ya karɓar kati sai sayayya ta kai kaza.

To, jama'a, ku sani tun 2011 Babban Bankin Nijeriya ya hana ɗan kasuwa ƙara wa mai biya da kati kuɗi, ko bambanta shi da mai tsaba. A 2019 kuma ya rage abin da ake cira daga ɗan kasuwa zuwa kwabo 50 cikin kowace naira 100, iyakarsa naira 1,000.

Shari'a kuwa ta riga hukuma. Malamai sun san daga sharuɗɗan ciniki akwai kuɗin kaya su zama sanannu, a kuma rabu bisa yardar juna. Ƙarin da ya ɓullo bayan an sallama, ina yarda a cikinsa? Mai saye ya biya ne don kunya, ko don ba tsaba a hannunsa, kamar yadda aka gani lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Wannan ɗan'uwan tauye mudu ne.

Ba mu ce ɗan kasuwa ba shi da kuka ba. Banki na cira, na'ura na cin caji, sabis na yankewa. Amma waɗannan kamar kuɗin rumfa ne da na dako: a lissafa su cikin kuɗin kaya tun kafin a taya. Mai POS da ke ba da tsaba shi dabam ne, aiki ya yi, in ya faɗi ladansa tun farko.

Saboda haka muna roƙon sarakunan kasuwa su tsawata, limamai su faɗakar a huɗuba. Wanda ya ci naira 100 ya rasa abokin ciniki, ba riba ya ci ba. Allah Ya tsare mu daga haƙƙin mutane, amin.