Amshin Shata Ba Haɗin Kai Ba Ne

Jama'a, masu cewa duk abin da ƙungiya ta yanke shi ne daidai, ku tuna Faransa a Kofin Duniya na 2010. An kori Anelka saboda zagin koci Domenech, sai 'yan wasan suka ƙi atisaye, suka shige bas suka zauna, wai haɗin kai. A ce duk cikinsu babu wanda ya ga ɓarna ake yi? Haba! Kowa dai tsoro yake kar a kira shi maci amana. Ƙarshenta Afirka ta Kudu ta doke su 2-1, suka koma gida da maki ɗaya tal. Ƙungiyar da ke toshe bakin mai cewa "a'a", wallahi ta ci gida tun kafin a take wasa.