Wasiƙa ga Malaman Dabbobi na Gusau, Tsafe da Bungudu

'Ya'yana da ƙannena,

Na san irin wahalar da kuke sha. Kuna shiga rugage a hanyoyin da soja ma sai ya yi tunani kafin ya bi, kuna rigakafin ciwon huhu, kuna ceton tumaki da awaki. Allah ya saka. Na gama yabon, domin ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Makon jiya wata jikata ta kawo mini magenta cikin kwali. Babur ya take ta a baya, ƙafafun baya sun shanye, tana jan gindi. Kwana uku kafin nan an kai ta wurin ɗaya daga cikinku. Ya soka mata allurar bitamin, ya ce a riƙa ba ta rabin farasitamol, ya karɓi kuɗinsa. Yarinyar ta ce mini, "Kaka, ai tana fitsari, kullum tsumman a jiƙe yake." Na sa hannu a mararta, na ji mafitsara ta cika tam kamar lemun zaƙi. Wannan ba fitsari ba ne, ambaliya ce. Idan laka ta taɓu, mafitsara takan daina matse kanta, ta cika, abin da ya yi yawa ya riƙa ɗiga. Sauran yana kwance yana ruɓa, daga nan ya hau ƙoda. Wanda ya duba magen nan bai taɓa cikinta ba. Da ya taɓa, da ya ji.

Malaminmu a makarantar Mando, Allah ya jiƙansa, ba ya barin ɗalibi ya ɗauki sirinji sai ya shafa dabba daga hanci har wutsiya ya faɗi abin da hannunsa ya gano. A 1983, lokacin da bushiya ta kwantar da garkuna a ƙasar nan, allurar Vom kan yanke mana, ido da hannu kuwa ba su taɓa yankewa ba. Yau an shekara goma sha da kawar da bushiya daga duniya, tun 2011, kuna da waya, kuna da babur, amma yatsunku sun mutu. Ku yi haƙuri, tsufa ne. To amma gaskiya ce.

Mage mai shanyayyen baya ba allura take jira ba, uwar gida take jira, ku kuma aikinku ku koya mata. A kwantar da magen ta gefe, a sa tafin hannu a mara gaban cinyoyi, a lalubo mafitsara, a matsa a hankali ba tare da fizga ba har fitsari ya zubo, ta saki ta yi laushi. Sau uku ko huɗu a yini. Ni nakan ce wa masu mage su ɗaura shi da lokutan salla: asuba, azahar, magariba da kafin barci, ba mai mantawa. In an matsa ta ƙi, a bari, kada a fasa ta. Musamman muzuru, wanda hanyarsa kan toshe, shi sai likita ya sa masa roba. Ku kama hannun matar ku ɗora a wurin, ta yi a gabanku sau biyu. Minti goma ne. Me ya fi wannan sauƙi?

Sai tsafta. Fitsari yana cin fata kamar kanwa. A wanke da ruwan ɗumi, a tsane, a shafa basilin, a aske gashin gindi, a juya ta daga wannan gefe zuwa wancan don kada gyambo ya fito a ƙugu. Ban da Dettol da Izal, mage tana lasar jikinta, guba ne gare ta. Da damina a rufa mata gidan sauro, in ba haka ba ƙuda ya yi ƙwai, kwana biyu tsutsa. A ware mata lungu da leda a ƙasa, tsumma a sama, nesa da tabarmar salla, sai zaman gidan ya yi daɗi, maigida ya daina cewa a kai ta bola.

Na dawo kan farasitamol, don shi ya hana ni barci. Hantar mage ba ta iya narkar da shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Wa ya koya muku wannan? Mage ba ƙaramar akuya ba ce. Mai kemis in ya yi, jahilci ne. Kai da ka riƙe takarda, me za a kira naka? Sa'ar magen jikata, yarinyar ta yi ta fama, magen ta ƙi haɗiya, ta tofar.

Wani abu kuma da ban ji kuna tambaya ba: ko wani abu ya cije ta? Mage da ta shanye ba faɗuwa ba haɗari, tana dalalar da miyau, ku tuna haukan kare, ku hana yara taɓa ta. Sannan ku mintsini yatsan ƙafar da ƙarfi. In ta waiwayo ta yi kuka, akwai sauran fata. In makonni suka wuce ba ta ji ko kaɗan, ku gaya wa masu ita gaskiya, su san aikin na tsawon rai ne.

Na san abin da za ku ce, mage ba ta da kasuwa, ba sa ba ce. Amma duk kun san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba sai na maimaita muku ba.

Ban rubuto don in kunyata kowa ba, shi ya sa ban kama suna ba. Magen tana nan zauren gidana, jiya ta motsa wutsiya. Duk wanda hanya ta biyo da shi Karakkai ya tsaya, in ɗora masa hannu a mararta ya ji yadda cikakkiyar mafitsara take. A gaida mutan gida.

Wassalam,
Tsohon malamin dabbobi,
Karakkai.