Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya

  

Kowa daga cikinmu ya san ɗan kasuwar da ke ajiye mudu biyu, babba idan zai saya, ƙarami idan zai sayar, kuma ya san irin narkon da Allah Ya yi wa masu wannan hali a farkon Suratul Muɗaffifina. To, tauye mudu bai tsaya ga gero da dawa ba. Mafi muninsa shi ne wanda ake yi a gaban alƙali, inda abin da ake aunawa 'yancin ɗan Adam ne da mutuncinsa. A wannan fitowa zan kai ku Amurka, ƙasar da 'ya'yanmu da yawa ke mafarkin zuwa, mu duba labarin wasu yara biyu masu shekara 16.

Na farko sunansa Kalief Browder, baƙar fata, ɗan unguwar Bronx a birnin New York. A watan Mayun 2010 'yan sanda suka kama shi bisa zargin ya ƙwace wa wani mutum jakar goyo, shi kuwa ya musa. Alƙali ya yanke kuɗin beli dala 3,000, kimanin sefa miliyan 1 da rabi a lokacin, danginsa suka kasa biya nan take, daga baya ma aka hana belin baki ɗaya saboda wani ɗaurin talala da ke kansa na wata tsohuwar shari'a. Aka kai shi gidan kaso na tsibirin Rikers, ya shekara 3 yana jiran shari'ar da ba a taɓa yi ba, kusan shekara 2 daga ciki a kulle shi kaɗai a ɗaki. Sau da yawa aka yi masa tayin ya amsa laifi a sassauta masa, har a ƙarshe aka ce in ya amsa zai kwana gida, amma ya ƙi, ya ce ba zai ɗauki abin da bai aikata ba. A 2013 aka janye ƙarar aka sake shi. Ya fito da jikinsa, amma hankalinsa ya riga ya taɓu, kuma a watan Yunin 2015 ya kashe kansa yana da shekara 22. A 2019 birnin New York ya amince ya biya iyalinsa dala miliyan 3 da dubu 300.

Na biyu sunansa Ethan Couch, farar fata, ɗan masu hannu da shuni a jihar Texas. A watan Yunin 2013 ya tuƙa mota cikin maye, ya afka wa mutanen da ke tsaye a bakin hanya, ya kashe 4, wasu suka jikkata. Masu gabatar da ƙara suka nemi a ɗaure shi shekara 20. Lauyoyinsa suka kawo wani masanin halayyar ɗan Adam, ya shaida wa kotu cewa yawan dukiya da shagwaɓa ne suka ɓata yaron, har ya tashi bai san cewa aiki yana da sakamako ba. A watan Disamba na wannan shekara aka yanke masa ɗaurin talala na shekara 10 tare da zaman gidan jinya. Bai shiga kurkuku ba sai da ya karya sharuɗɗan, ya gudu Meziko shi da mahaifiyarsa a 2015, aka kamo shi, ya yi kusan shekara 2.

Adalci ya sa in faɗi cewa jihohin biyu dokokinsu ba ɗaya ba ne, kuma labari biyu ba su isa a yanke wa ƙasa guda hukunci ba. Sai dai mai hankali zai tambaya: wace hanya ce ta kai wanda ake zargi da ƙwace jaka ga shekara 3 ba tare da shari'a ba, ta kuma bar wanda ya kashe rayuka 4 a waje?

Ƙofa ta farko ita ce beli. Asalinsa jingina ce domin wanda ake tuhuma ya dawo ranar shari'a, amma da aka mayar da shi kuɗi sai ya zama mai abin hannu ya koma gida ya shirya kariyarsa, talaka kuwa ya zauna a tsare, ya rasa aikinsa, wani lokaci har da ɗakin hayarsa. Kusan kashi 2 cikin 3 na waɗanda ke tsare a gidajen kaso na ƙananan hukumomin Amurka ba a riga an same su da laifi ba.

Ƙofa ta biyu ita ce cinikin amsa laifi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen laifi a ƙasar ba sa zuwa ta hanyar sauraron shaidu, sai dai wanda ake tuhuma ya amsa a rage masa. Wanda ya gaji da zaman kaso, 'ya'yansa na jiransa, yana iya amsa abin da bai yi ba. Ƙofa ta uku ita ce lauya. Tun 1963 Kotun Ƙoli ta wajabta wa jihohi su ba talaka lauya kyauta a manyan laifuffuka, amma lauyan da aka jibga wa shari'u fiye da ƙarfinsa ba zai yi daidai da wanda aka biya ya duƙufa kan shari'a ɗaya ba.

Launin fata kuma yana da nasa nauyin. Baƙaƙen fata kimanin kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Amurka, amma sun kai kusan kashi 1 cikin 3 na fursunoninta. Ga misali guda na yadda doka kanta ke iya karkata. A 1986 aka kafa dokar da ta ce giram 5 na hodar iblis mai ƙanƙara, wadda ta fi yawa a unguwannin talakawa baƙaƙe, hukuncinsa ɗaya da giram 500 na garinta, wanda ya fi yawa a hannun masu hali: shekara 5 ba ragi. Abu ɗaya ne a asali, amma mudun ya bambanta sau 100. Sai a 2010 aka rage tazarar zuwa 18. Ya kamata kuma a yaba wa waɗanda suka tashi tsaye a can, domin jihar New Jersey ta kusan kawar da belin kuɗi a 2017, jihar Illinois kuma ta soke shi ɗungurungum a 2023.

Addininmu ya san wannan cuta tun da daɗewa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, labarin wata mata 'yar gidan Banu Makhzum, ɗaya daga cikin manyan gidajen Ƙuraishawa, da ta yi sata. Abin ya dami danginta, suka rasa mai iya tunkarar Manzon Allah (SAW) sai Usamatu ɗan Zaidu, abin ƙaunarsa, wanda shi kansa baƙi ne, ɗan Ummu Aimana Bahabashiya. Da Usamatu ya yi maganar, Manzon Allah bai karɓa ba. Ya miƙe ya yi huɗuba, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin da suka gabata shi ne ƙyale babba idan ya yi laifi da hukunta mai rauni, ya kuma rantse cewa ko 'yarsa Faɗimatu ce ba za a ɗaga mata ƙafa ba. Haka nan aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umurce mu da tsayawa kan adalci ko da a kan kanmu ne ko iyayenmu, ba tare da duba wadata ko talaucin mutum ba. Ƙa'idar shari'armu kuwa ita ce hujja tana wuyan mai ƙara, ba a ce wanda ake tuhuma ya sayi 'yancinsa ba.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban kawo labarin Amurka domin mu girgiza kai mu ce Allah wadai mu wuce ba. Ya kai maigida, idan ɗanka ya zalunci ɗan maƙwabci aka kai shi caji ofis, me kake fara yi? Neman haƙƙin wanda aka zalunta, ko neman wani babba da zai buga waya? Ya ke uwargida, idan abu ya ɓace a gida, wa ake fara tuhuma, ɗanki ko yarinyar aiki da almajirin da ke wanke-wanke? Idan baƙo ɗan wata ƙabila ya yi jayayya da ɗan gari, maganar wa muke gaskatawa tun kafin mu ji ba'asi? Yaron da ya ga an tsame shi daga laifi saboda sunan ubansa ya koyi darasin da ba makarantar da za ta goge masa, kuma gobe shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali.

Saboda haka mu fara gyara daga tsakar gida. Mu ji ta bakin kowane ɓangare kafin mu yanke wa yara hukunci. Mu daina ceton mai laifi saboda namu ne. Mu kuma tuna da waɗanda ke tsare a garuruwanmu ba su da mai bin kadinsu, mu ziyarce su, mu taimaka wa iyalansu, wanda ya san doka ya ba da iliminsa sadaka.

Allah Ya sa mu cika mudu a duniya, Ya nauyaya mizaninmu ranar da dukiya da 'ya'ya ba su da amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahamatullahi.