Ciwon baya: Tausa ta fi ƙwaya, amma ba kowane ciwo ake murzawa ba

Duk wanda ya yini a bayan sitiyarin adaidaita sahu, ko ya yi dako a kasuwa, ko ya yi noma tun safe har la'asar, ya san yadda ƙugu ke riƙewa da dare. Abin da yawanci ake yi shi ne a leƙa kemis a sayi diclofenac ko ibuprofen, wasu ma tramadol, a haɗiya a kwanta. Gobe a sake.

A nan matsalar take. Shan diclofenac da ibuprofen kullum yana iya jawo gyambon ciki, ya kuma lalata ƙoda. Tramadol kuwa kowa ya ga yadda ta kama matasa da yawa, waɗanda wasunsu da neman sauƙin gajiyar aiki suka fara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020. A watan Disamban 2023 ta fitar da ƙa'idojin kula da ciwon bayan da ya daɗe, inda ta sanya tausa da motsa jiki cikin abubuwan da za a iya amfani da su. Ta kuma ce a guji ɗaura bel ɗin ƙugu da magungunan da ke rukunin tramadol. Wato dai abin da kakanni ke yi da man kaɗanya ba shirme ba ne.

Sai dai tausa tana da ƙa'ida. Ana fara ta da shafa a hankali da tafin hannu, da ɗan man kaɗanya ko man zaitun, har naman ya yi laushi. Sannan a murza tsokar da ke gefe da gefen ƙashin baya, ba kan ƙashin kansa ba. Inda aka ji wani ƙulli mai tauri, a danna shi da babban yatsa na rabin minti, a saki, a sake shafawa. Ciwo mai ɗan daɗi shi ake nema. Idan wanda ake wa tausar ya fara cije leɓe, an wuce gona da iri. Sauƙin da ake samu ma na ɗan lokaci ne, sai an haɗa da tafiya da miƙe jiki.

Al'adar sa yaro ya taka wa tsoho baya ita ce ya kamata a daina. Ƙashin tsofaffi, musamman mata, yana raguwar ƙwari, kuma nauyin jikan da ake gani ƙarami ya isa ya tsaga shi.

Akwai kuma ciwon da hannu ba ya kusantarsa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura daga sharaɓa, ta yi zafi, musamman ga mai jego ko wanda aka yi wa tiyata, yana iya zama gudan jini ne a jijiya, kuma murza shi na iya tura shi zuwa huhu. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare na iya zama tarin fuka na ƙashin baya. Idan kuwa ƙafafu suka fara mutuwa, ko fitsari da bahaya suka fara kufcewa, wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba.

Najeriya tana da hukumar da ke yi wa ƙwararrun gashi da motsa jiki rajista tun 1988, amma akasarinsu suna manyan asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa. Ɗan dakon da ke ƙauye ba zai biya kuɗin mota zuwa birni don ciwon ƙugu ba. Gwamnatocin jihohi su ɗauki irin waɗannan ma'aikata a asibitocin ƙananan hukumomi, su kuma kira masu tausar gargajiya da ungozoma da masu ɗori a koya musu alamun nan uku, tunda su ne mai ciwo ke fara nema.